Amsa ga Alhajin da ke son yanke salansa ko mayar da tirelolinsa kan CNG

Wa alaikumus salam, Alhaji. Na ga tambayarka tun jiya: DAF ɗinka biyu masu jigila tsakanin Kano da Legas suna cinye riba a mai, an kuma ba ka shawara ko dai ka yanke salansa a sa miƙaƙƙen bututu, ko ka mayar da su kan CNG, wato iskar gas da aka matse. Na daɗe ina jan tirela a wannan hanya kafin ciwon gwiwa ya sauke ni, yanzu motocin wani bawan Allah nake kula da su. Zan riƙa cewa dizal maimakon gas ɗin da muka saba faɗa a tasha, don kada ya cakuɗe da iskar gas.

Maganar yanke salansa, ni kaina na taɓa yi. Wani bakanike ya cika ni da zance cewa tukunyar ce ke shaƙe injin, na yarda, ya sa wuta ya yanke ta. Da na tayar, motar ta yi ruri kamar zaki, yarona har da tafi. Muka je Legas muka dawo, da na auna, man da ta sha bai ragu ba. Abin da na ƙaru da shi kawai kunnena ne da ya kwana biyu yana ƙugi, ga kuma ƙarar tana zuga ni in ƙara taka totur don in ji ta. Lafiyayyar salansa ba ita ke shan mai ba.

Wadda ke sha ita ce mai toshewa ko mai yoyo. Ka tuna hayaƙin nan shi ke juya turbo. Idan gasket ya ƙone tsakanin inji da turbo, hayaƙin na tserewa kafin ya yi aikinsa, turbo ba ya tura isasshiyar iska, direba kuma sai ya rama da ƙafa. Da safe kafin inji ya yi zafi, a ɗaga kan motar, ka duba da fitila. In ka ga baƙin zane kamar an shafa gawayi a gefen ƙusoshin, nan ne. Ka bi robobin da ke kai iska intakula, mai sanyaya iskar turbo, su ma: duk inda ka ga danshin mai ya kama ƙura a bakin kilif, iska na fita. Na taɓa kama mota tana tuƙa baƙin hayaƙi a duk hawa, har an yi lissafin kuɗin sauya nozul, ashe wata tsaga ce a roba wadda ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba.

Ba ka faɗi samfurin motocin ba, kuma da bambanci. DAF XF 105 mai Euro 5, wato matakin ƙa'idar hayaƙi ta Turai, tana amfani da AdBlue, ruwan nan da ake fesawa cikin salansa, wanda kashi 32.5 cikin ɗari nasa yuriya ne, sauran tataccen ruwa. In direba ya ɗura ruwan rijiya a tankin, kwamfutar motar za ta rage ƙarfin injin, sai ka ji ana cewa mota ta mutu. Masu Euro 6 kuwa suna da matatar da ke kama toka, an kuma yi su ne don dizal ɗin Turai mai ƙarancin sulfa. Man gefen titi na toshe ta da wuri. Da yawa fasa ta suke yi su cire, amma in ba a daidaita kwamfuta ba an sayi sabuwar matsala, hayaƙin kuma yaron motarka da masu shayin Tafa ne za su shaƙe shi. Ni dai na fi son a sauke ta a wanke, a kuma daina shan mai a jarka.

Yanzu CNG. Injin dizal ba shi da fulogi, matse iska yake yi har ta yi zafin da mai zai kama. Iskar gas ba ta kamawa haka nan. Shi ya sa hanya biyu ce: ko a yi wa motar haɗin gambiza, ana fesa ɗan dizal yana kunna gas ɗin, ko ka sayi motar da aka ƙera da injin gas tun daga kamfani, irin wasu Howo da ke shigowa. Haɗin gambizar ba ya raba ka da dizal, wani kaso kawai yake ɗauke maka, kuma ya fi aiki a doguwar hanya miƙaƙƙiya, ba a cunkoson Apapa ba. Sauƙin ma daga farashin gas ɗin yake zuwa, ba wai injin ya rage ci ba ne.

Sai tukwanen gas ɗin. Ana matse gas ɗin har bar 200 a ma'aunin matsi, ƙarfen na da kauri da nauyi, nauyin kuma daga lodinka za a cire shi. Wurin da tankin dizal ɗaya zai ci, gas sai ya ninka shi sau da yawa kafin ya kai ka tafiya ɗaya. Don Allah kada ka bari a ɗaura maka tukunyar da aka yi wa walda a gareji, ko ta gas ɗin girki. Wannan ba wurin neman araha ba ne.

Gwamnati ta fito da shirin CNG a 2023 bayan cire tallafin fetur, matatar Dangote ma ta sanar da tireloli 4,000 masu gas a 2025. Amma masu irin wannan ƙarfi sukan tanadi wurin shan gas nasu, kai kuwa fa? Kafin ka biya ko kwabo, ka sa direbanka ya ƙirga maka gidajen gas da tirela za ta iya shiga daga Kano zuwa Kaduna, Tegina, Mokwa, Jebba har Ilori, ya kuma tambaya ko kullum ake samu. Mu a Arewa idonmu na kan bututun gas na AKK mai kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kano. In da daga masana'anta ɗaya zuwa depo ɗaya kake zirga-zirga, da gas a kusa, da na ce bismillah.

Abin da zan yi in ni ne kai: a cika tanki fal a gabanka, a rubuta kilomita da nauyin kaya, a sake cikawa a dawowa, sau uku ga kowace mota. Sannan ka musanya direbobin biyu. In shan man ya bi mota, a kai ta gareji. In ya bi direba, to ka duba gudu, domin tsakanin kilomita 80 da 100 a awa iska kaɗai na cin mai sosai, ka duba kwana da inji a kunne, wanda kan ƙone lita biyu zuwa uku duk awa, da iskar taya da ake aunawa da bugun sanda. Akwai kuma tiyo da jarka, amma wannan ka bi a hankali, kada ka zargi mutum sai lissafi ya nuna. Ka turo samfurin motocin da hoton gefen turbo, in duba maka.