Tambaya da Amsa: Me ya sa waƙa ke canza murya bayan na ƙona ta a faifan CD?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan makon tambayoyin duk sun karkata kan ƙona faifai ne, na san wasu za su ce ai kowa ya koma memori da filasha da bulutut, amma har yanzu akwai motoci da yawa da CD kawai suke ci, kuma akwai iyayenmu da suka fi gane a miƙa musu faifai a hannu. Toh bismillah.

Tambaya daga Funtua: Malam barka da aiki. Na haɗa wa babana waƙoƙi 18 a faifai ɗaya saboda mota, wasu a MP3 na same su wasu kuma na ciro su daga bidiyon biki da Audacity, manhajar gyaran sauti. Waɗanda na ciro daga bidiyo sai muryar mawaƙin ta yi kauri, kiɗan ma kamar ana jan sa, alhali a waya lafiya lau. Faifan ne ba kyau ko na'urar motar?

Amsa: Ɗan'uwa faifanka lafiyarsa ƙalau, motar Baba ma haka, ka kwantar da hankalinka. Abin da ya faru sai na ɗan koma baya kafin ka gane shi.

Kwamfuta ba ta iya riƙe sauti yadda yake a iska, sai dai ta riƙa ɗibansa kaɗan kaɗan da sauri sosai tana rubuta lamba, kamar dai yadda bidiyo hotuna ne a jere. Sau nawa take wannan ɗiba a cikin sakan ɗaya, shi ne abin da za ka ga an rubuta Sample Rate a manhaja, ni kuma adadin ɗiba nake ce masa. Faifan CD na sauti, bisa ƙa'idar da kamfanonin Philips da Sony suka tsayar a 1980, ɗiba 44,100 yake yi a sakan, bit 16 (wato girman lambar da ake rubuta kowace ɗiba da ita), hagu da dama, ba ya karɓar wani abu daban ko kaɗan. Shi kuwa bidiyo, DVD ne ko kyamara ko mafi yawan wayoyi, 48,000 yake amfani da shi. To ka ga inda aka samu saɓani.

Yanzu in ka ɗauko waƙar 48,000 ka canza mata lamba kawai zuwa 44,100 ba tare da an sake lissafa sautin ba, na'ura za ta riƙa karanta 44,100 a sakan maimakon 48,000, sai waƙar ta rage gudu da kusan kashi 8 cikin ɗari, murya ta sauka ta yi kauri. Ga yadda za ka tabbatar, duba tsawonta, waƙar minti 4 za ta koma minti 4 da sakan 21. In haka ne to na san inda ka taɓa. A Audacity akwai Rate a ƙaramin menu na gefen layin waƙar, shi lamba kawai yake canzawa, shi ya jawo maka wannan. Wanda kake so shi ne Resample da ke ƙarƙashin Tracks, ko kuma ka bar waƙar yadda take, lokacin Export ka zaɓi WAV (fayil ɗin sauti da ba a matse ba), 44100, bit 16, manhajar za ta yi sauran aikin. Sai dai ka koma kan bidiyon na asali ka sake cirowa, kar ka ce za ka gyara wadda ta riga ta lalace.

Af, ko kun san daga ina wannan lamba 44,100 ta fito? Kafin a samu hadis (hard disk, ma'ajiyar kwamfuta) mai girma, a kaset ɗin bidiyo ake ajiye sautin dijital a situdiyo. A tsarin talabijin na PAL, irin wanda muka yi amfani da shi a Najeriya, layi 294 sau ɗiba 3 sau 50 ya ba da 44,100, a tsarin NTSC na Amurka da Japan kuma 245 sau 3 sau 60 shi ma 44,100. Lamba ɗaya ta yi wa kowa daidai, shi kenan ta zauna har yau.

Tambaya daga Maraɗi: Na ji ana cewa duk waƙar da aka mayar daga 48,000 zuwa 44,100 ta rage inganci. Gaskiya ne? In haka ne gara in haƙura da waɗannan waƙoƙin?

Amsa: Kar ka haƙura da su malam. Maganar tana da tushe amma an yi mata gishiri.

Ƙa'idar ita ce, sauti mafi siriri da fayil zai iya ɗauka rabin adadin ɗibansa ne. Na 48,000 yana kaiwa 24,000 Hz (Hz shi ne sau nawa sauti ke kaɗawa a sakan), na CD 22,050 Hz. Kunnen ɗan'adam kuwa ko na yaro mai lafiya a wajen 20,000 yake tsayawa, mu da muka manyanta ba ma kaiwa nan ma. Don haka abin da ake yankewa tsakanin 22,050 da 24,000 ba wanda ke jin sa dama can.

Inda wahalar take shi ne lissafin. Duk ɗiba 160 na tsohon fayil sai an mayar da su 147 a sabo, kuma waɗannan 147 ba sa faɗawa daidai kan wuraren tsofaffin, sai manhaja ta lissafo me ya kamata ya kasance a tsakani. Mai kyau za ta fara tace duk abin da ya haura 22,050 ta cire shi sannan ta yi lissafin da kyau. Ta banza kuwa, irin ƙananan konbata ɗin nan na kyauta da wasu tsofaffin manhajojin ƙona faifai, layi kawai take ja tsakanin lambobi biyu ta wuce, kuma ba ta tacewa sosai, to abin da ya haura iyaka ba ɓacewa yake ba, juyowa yake ya dawo ciki a matsayin wani sauti da babu shi a waƙar, misali 23,000 ya dawo 21,100, ga kuma ƙazantar da mummunan lissafi ke watsawa har ƙasa inda kunne ke kamawa. A nan ne za ka ji harafin s a bakin mawaƙi ya yi kaushi, ƙarar kuge ta dusashe, kiɗan ya rasa haskensa. Wannan shi ne abin da mutane suka ji suka ɗora wa sauyin laifi gaba ɗaya.

Shawarata da nake ba kowa, kar ka jefa wa manhajar ƙona faifai tarkacen fayiloli iri iri ka ce ta ji da su, domin ba ka san da wane lissafi za ta yi ba. Ka mayar da su da kanka tukuna. Audacity na amfani da injin soxr wanda yana cikin mafi kyau kuma kyauta ne, ka shiga Preferences wajen Quality ka tabbatar yana kan Best Quality. Foobar2000 ma yana yi. In an yi da irin waɗannan, wallahi zai yi wuya ka bambance ta asali da sabuwa ko da hedfon mai tsada, balle a mota ana tafiya inji na ƙara. Sau ɗaya za ka yi, daga fayil na asali kai tsaye zuwa WAV, sannan ka ba manhajar ƙona faifai irin ImgBurn ko CDBurnerXP ko Nero su ƙona. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne masu mayar da bidiyo MP3, su sake mayar da MP3 ɗin wani MP3, a tura ta WhatsApp, sannan a ƙona, kowane matsi yana cin nasa rabon, wannan ya fi sauya adadin ɗiba ɓarna nesa ba kusa ba.

Tambaya daga Kumasi: Ina da tsofaffin waƙoƙi na 22,050 Hz. In na ɗaga su zuwa 96,000 kafin in ƙona za su yi kyau?

Amsa: A'a yaya. Fayil ɗin 22,050 ba shi da komai sama da 11,025 Hz, abin da aka zubar tun farko ba ya dawowa, girman fayil kawai za ka ƙara, sannan kuma dole a sake sauko da shi 44,100. Ka kai shi 44,100 kai tsaye, ninki biyu ne cif, lissafi mai sauƙi. In kana iya samun wani kwafi mai kyau ka nema.

Tambaya daga Gombe: Na bi duk matakan da Audacity amma wajen da ganga ta buga da ƙarfi sai in ji ɗan fashewa. Me na yi ba daidai ba?

Amsa: Tambaya mai kyau ƙwarai, kuma ba kowa ke lura da wannan ba. Waƙoƙin yanzu ana cika musu ƙara har bakin iyaka, to idan aka sake lissafi wasu sabbin lambobin sai su ɗan haura iyakar, a datse musu kai, shi ne fashewar da kake ji. Kafin ka sauya ka rage ƙarar da desibel 1 ko 2 ta hanyar Amplify, ka sa -1 ko -2. Dama tunda waƙoƙi daga wurare daban daban kake haɗawa, gara ka daidaita ƙararsu gaba ɗaya don kar direba ya yi ta kai hannu kan bolum, Loudness Normalization na yin wannan. In kuma fayil ɗin bit 24 ne daga situdiyo ka bar Dither a kunne lokacin saukowa 16, wani ɗan huci ne siriri da ake zubawa don kada wuraren da waƙa ta yi shiru su yi ƙaiƙayi a kunne.

Tambaya daga Zariya: Kasusuwan wa'azi da waƙoƙin gargajiya na mahaifiyata nake so in juye a CD, da wace lamba zan ɗauka?

Amsa: Allah ya saka miki da alheri hajiya, ki gaggauta domin zaren kaset yana lalacewa da zafi da daɗewa. Tunda CD za ki, ki sa Audacity a 44100 tun kafin ki danna jan maɓalli, ki kuma shiga saitin Sound na Windows ki sa na'urar shigar da sauti ita ma a 44100, ka da Windows ya yi nasa sauyin a ɓoye. Da haka babu wani sauyi da za a yi ko ɗaya. Faifai ɗaya minti 80 yake ɗauka, kaset mai minti 90 ba zai shiga ba sai kin raba shi biyu. WAV ɗin kuma wajen megabait 10 yake ci duk minti, ki ajiye su a hadis ko filasha daban ko bayan kin ƙona, saboda ranar da faifan ya karce daga nan za ki sake ƙona wani.