Amsa kan fentin mota da ya dushe bayan hunturu

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa fentin motarka ya dushe duk da cewa kullum kana goge ta da tsumma, kuma kana wanke ta da omo. A ganina, waɗannan abubuwa biyu su ne tushen matsalar. Ƙurar hunturu tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin yashi, saboda haka duk lokacin da ka bi ta da busasshen tsumma, kana karce siririn rufin nan mai sheƙi da ke saman launin, wanda kaurinsa bai kai na takardar rubutu ba. Omo kuwa an yi shi ne don cire maiƙo, shi ya sa yake wanke man kariyar da aka shafa.

Ka riƙa wanke ta a inuwa bayan jikinta ya huce, ka fara kwarara ruwa har ƙurar ta sauka, sannan ka yi amfani da sabulun mota da bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye tsumma, daga sama zuwa ƙasa. Ka tsane ruwan jikinta nan take, domin ruwan rijiyar burtsatse yakan bar tabo idan ya bushe.

Man folish yana cin fentin kaɗan, don haka kada ka yawaita shi. Kakin kariya, wato man kariyar nan da ake shafawa, shi ne ya kamata ka sabunta idan ruwa ya daina dunƙulewa a jikinta. Kashin tsuntsu kuma kada ya kwana. Idan siririn rufin nan mai sheƙi ya fara ɓarewa, sai mai fenti.