Amsar tambayarka a kan gawon gonar Kaka

Ɗana, saƙonka ya iso, Allah Ya yi maka albarka. Ka ce kana son ka sare gawon nan uku na gonar fadama ka dasa mangwaro, amma mahaifiyarka ta hana, ta ce Kaka ya bar wasiyya kada a taɓa su. Kana tambaya ko camfi ne. To, ka yi haƙuri ka karanta, abin da ɗan tsawo.

Ni ma ina yaro an ce mana akwai iskoki a gindin gawo. Da wannan aka riƙa tsorata mu don kada mu kai masa gatari. Ban ga iska ko ɗaya ba, amma na ga gero, kuma kai ma in ka tuna, zangarniyar da ta fi kauri a gonar nan kullum daga ƙarƙashin gawo take fitowa.

Ka san shuka a ganyenta take girki. Saiwa ta zuƙo ruwa, ganye ya shaƙi iskar nan da muke fitarwa in mun yi numfashi ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, hasken rana kuma shi ne wutar murhun. Abin da aka dafa sukari ne, shi ke zama kara, shi ke zama ƙwayar hatsi. Da dare girki ya tsaya, shuka ta ci daga abin da ta tara. Gero kuwa mayen rana ne. Ka shuka shi a inuwar mangwaro ko darbejiya ka ga yadda zai yi ta miƙewa siriri, fari fat, yana neman haske har ya kwanta ba kai.

Shi gawo ya saɓa wa kowa. Da damina ta faɗi, duk itatuwa na toho, shi sai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya tsirara, har ake masa kirari da mai ƙin ruwan Allah. Duk watannin da gero ke bukatar rana, gawo ya ba shi fili, yana cin abin da ya ajiye a jikinsa kamar magidanci da rumbunsa. Sai kaka ta wuce, an kai amfani gida, sannan ya yi kore shar. Ina yake samun ruwa da rani? Saiwarsa tana nutsawa can ƙasa inda ta gero ba ta kaiwa, don haka ba sa rigima a kan ruwa ɗaya.

Ganyen da ya zubar a bakin damina yana ruɓewa daidai lokacin shuka. Kuma gawo dangin wake da gyaɗa ne. In ka tuge wake ka duba saiwarsa za ka ga ƙananan ƙulli, cikinsu akwai ƙwayoyin halitta masu kamo sinadarin naitirojin daga iska, shi ne dai abin da kake biyan kuɗi ka saya a buhun Uriya. Ga bazara kuma, awaki da shanu su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa masu lanƙwasa, su bar maka kashi nan. Wa ya taɓa kai maka taki gona kyauta?

Kada ka ɗauka Kaka ne kaɗai. A Damagaram har yau ana ba da labarin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, cewa ya kafa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Ka bi hanyar Matamaye da Magarya ka ga gonaki. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, manoman Maraɗi sun koma barin tohon kututture ya girma maimakon su ƙone shi, suka kira abin sassaben zamani. Ni dariya sunan yake ba ni, don kakanninmu sun riga zamanin.

Ban ce wasiyya ta hana ka komai ba. Kaka da kansa yakan rage rassa da rani ya ba dabbobi, ya yi shinge da ƙayar, sai dai bai taɓa aske itacen ƙwal ba, don in babu ganye da me zai yi girki? Mangwaronka ka kai shi gefen rijiya ta kudu, inda inuwarsa za ta faɗa kan hanya. In ka ga ƙananan gawo sun tsiro lokacin sharar gona, ka zaɓi masu ƙarfi ka kewaye su da ƙaya saboda awaki, sauran ka cire.

Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata ina nan tafe bayan girbi in Allah Ya kai mu.

Baffanka