Gudun fanfalaki da sujadar Lahadi

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Kirista mai gudun fanfalaki zai iya riƙe ibadarsa alhali manyan tsere Lahadi ake yin su. Na Landan da na Balin haka suke, amma na Legas, wanda aka fara a 2016, Asabar ake yi. Ryan Hall na Amurka, wanda ya gama tseren Boston na 2011 cikin awa 2 da minti 4 da daƙiƙa 58, a fili yake bayyana bangaskiyarsa. A nan Kano kuwa, zafin rana ma zai sa ka fita da asuba, ka dawo kafin a fara sujada a Sabon Gari. Game da ba da shaidar bangaskiyarka ga mutane, a ganina sassauta atisaye domin abokan gudunka Musulmi a watan azumi ya fi rubuta aya a jikin riga tasiri.