Amsoshin Tambayoyinku: Ƙwayar MDMA da ake tallarta a waya

Tambaya: Malam, maigidana soja ne, ya yi shekara uku a fagen daga a yankin Tafkin Chadi. Tun dawowarsa ba ya barcin kirki. Ko tayar mota ce ta fashe a layi sai ya zabura, jikinsa na rawa, yara ma sun fara gudunsa. Ƙanena ya nuna mini wani a Instagram yana sayar da ƙwayar MDMA, wai da ita Turawa ke warkar da sojojinsu. Guda uku naira dubu 90. In saya? Daga wata 'yar'uwa a Kaduna.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ba maigida lafiya, ke kuma Ya saka miki haƙurin da kike yi. Kada ki saya. Ko kyauta aka ba ki, kada ta shiga bakinsa.

Ƙanenki bai ƙirƙiri labarin ba, sai dai wutsiyarsa ya kama. Alamomin da kika lissafa sun yi kama da abin da likitoci ke kira PTSD, wato firgicin da ke maƙale wa mutum bayan ya ga tashin hankali, kuma gaskiya ne an gwada MDMA, ƙwayar mayen nan da ake kira ecstasy ko molly, a kan masu wannan lalura. A babban gwajin da aka fitar da sakamakonsa a 2021, mutum 90 ne suka shiga. Cikin waɗanda aka ba maganin, kashi 67 cikin ɗari sun samu sauƙin da ba a ƙara lissafa su cikin masu ciwon ba, waɗanda aka ba ƙwayar banza, wadda ba magani a cikinta, kuwa kashi 32. Gwaji na biyu a 2023, mai mutum 104, ya ba da kashi 71 da kashi 48. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba na raina shi.

To amma yaya aka ba su? Ba wanda aka sallama gida da ƙwaya a leda. Sai da aka auna zuciyar kowa da jininsa, aka tsame masu ciwon zuciya da masu taɓin hankali. Sau uku kacal ake ba mutum, da tazarar kusan wata ɗaya tsakani, miligiram 80 zuwa 120 sannan a ɗan ƙara kaɗan daga baya. Kowane zama awa takwas ne a ɗaki, ƙwararru biyu na zaune da shi ana auna jininsa, ga kuma zaman tattaunawa goma sha biyu ba tare da ƙwaya ba. Aikin maganin shi ne ya sassauta tsoro na 'yan awoyi, har mutum ya iya ba da labarin abin da ya gani ba tare da firgita ta danne shi ba. Ƙofa kawai yake buɗewa, sharar ɗakin kuwa tattaunawar ce ke yin ta. Ki lura, waɗanda suka samu tattaunawa kaɗai ma, wato masu ƙwayar banza, da yawansu sun ji sauƙi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Wa ya gaya miki abin da ke hannun mutumin Instagram MDMA ne? Mu da ko Panadol za mu saya a kemis sai mun juya kwali mun nemi lambar NAFDAC, mu da muka san ana cika kwanson magani da garin alli ana kai wa kasuwa, yau kuma mu ne za mu yarda da ƙwayar da ba ta da kwali, ba ta da lamba, ba a san wa ya buga ta ba, don kawai mai tallar ya sa farar riga a hoto? A ƙasashen da suke da ɗakunan gwaji ma, an sha auna ƙwayoyin da ake sayarwa da sunan ecstasy ko molly a tarar da methamphetamine a ciki, ko maganin kafeyin zalla, ko wani sinadarin da mai sayarwar ma bai san sunansa ba. A Ingila, a ƙarshen 2014 zuwa farkon 2015, wasu ƙwayoyi masu tambarin Superman sun kashe mutane, domin abin da ke ciki PMMA ne, guba mai jinkirin tashi. Mutum ya sha ya ji shiru, ya ce ba ta da ƙarfi, ya ƙara, sai gawa. Can ke nan, inda motar asibiti ke zuwa cikin mintuna. Mai sayar da haramtaccen kaya ba shi da shagon da za ki koma ki yi masa ƙorafi. Yau yana nan, gobe ya sauya suna da lamba. In an yi sa'a ya cinye kuɗin bai aiko da komai ba, kuma wallahi wannan ce mafi sauƙin asara. Kuɗin buhun shinkafa da cefane za ki ɗauka ki sayo wa uban 'ya'yanki abin da ba ki san mene ne ba. Ga NDLEA kuma: MDMA haramtacciya ce a Najeriya, kuma sunan wanda ke kan ƙunshin saƙo shi ake nema.

Ko da ta gasken ce, tana ɗaga bugun zuciya da hawan jini, tana zafafa jiki, bayan kwana biyu ko uku kuma ta bar mutum cikin ƙunci. Mai ɗauke da irin nauyin da maigidanki ke ɗauke da shi, wannan ƙuncin na iya zama haɗari ga ransa.

Ki riƙe kuɗinki, ki lallaɓa shi ku je wurin likitan ƙwaƙwalwa. Kuna Kaduna, ga asibitin tarayya na Barnawa, ga asibitin sojoji na 44. Akwai magungunan da aka daɗe da amincewa da su a kan wannan ciwo, irin su sertraline da paroxetine, akwai kuma zaman tattaunawa da ƙwararru. Idan yana jin nauyin a gan shi a can, nemi wani da yake jin maganarsa, yayansa ko abokin aikinsa, ya raka shi. In kin taɓa jin ya ambaci gajiya da rayuwa, kada ki jira gobe.

Tambaya: Ni ina shan tramadol jefi-jefi saboda aikin ƙarfi. In na haɗa da wannan ƙwayar akwai matsala? Daga wani matashi a Kano.

Amsa: Kai ɗan samari, kana tambayata ko a zuba fetur a garwashi. Dukkansu biyun suna tayar da sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa. In suka haɗu, zazzaɓi mai tsanani, sanƙarewar jiki, farfaɗiya, har mutuwa. Kuma “jefi-jefi” ɗin nan na san shi. Tafi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a taimaka maka ka rabu da ta farkon.

Tambaya: An ce a Ostireliya likitoci na bayar da maganin MDMA a hukumance. Ina da fili, ina tunanin sayarwa in kai 'yata da 'yan bindiga suka riƙe wata biyu. Daga wani uba a Gusau.

Amsa: Alhaji, Allah Ya sanyaya muku zuciya, Ya mayar mata da natsuwarta. Gaskiya ne, tun 1 ga Yulin 2023 Ostireliya ta yarda wasu likitocin ƙwaƙwalwa masu izini na musamman su yi amfani da shi a kan PTSD. Sai dai likitocin kaɗan ne, kuɗin aikin kan haura dalar Ostireliya dubu 20, ban da biza da jirgi da zaman watanni. Kuma ana sa ran mutum ya fara gwada hanyoyin da aka saba tukuna. Ga wani abu da ya fi kuɗin muhimmanci: maganin magana ne. Yarinyar da ta ga abin da ta gani, da wane harshe za ta zauna awa takwas tana buɗe cikinta ga baƙi? Likita mai jin Hausa a asibitin ƙwaƙwalwa na Kware da ke jihar Sakkwato, wanda ya san mene ne daji kuma ya san mene ne kunyar 'ya mace, zai fi kai wa ga zuciyarta. Bar filin nan, za ta buƙace shi.

Tambaya: Idan maganin na aiki, me ya sa Amurka ta ƙi shi? Ko dai kamfanonin magani ne suka yi maƙarƙashiya? Daga wata ɗalibar haɗa magunguna a Zariya.

Amsa: Madalla da tambaya, 'yata. Kamfani ne ma ya nemi izinin, Lykos Therapeutics, wanda ya fito daga ƙungiyar MAPS mai fafutukar binciken irin wannan ƙwaya, wadda Rick Doblin ya kafa a 1986, shekara ɗaya bayan Amurka ta haramta ƙwayar. A Yunin 2024 kwamitin masana na FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ya kaɗa ƙuri'a: 9 cikin 11 suka ce ba a tabbatar da ingancinsa ba, 10 suka ce ba a nuna amfaninsa ya rinjayi haɗarinsa ba. A Agusta hukumar ta ce a sake wani gwajin.

Babban dalilin zai yi miki amfani a karatunki. Gwajin magani na gari yana buƙatar kada majinyaci ya san ko na gaske aka ba shi ko na banza. To MDMA ba ta ɓuya. Kusan duk wanda ya sha ya gane. Wanda ya san ya samu abin da ya zo nema, fata kaɗai na iya sa ya ce ya ji sauƙi, wanda ya gane an ba shi na banza kuma ya karaya. Ga shi da yawa cikin mahalartan sun taɓa shan ta a baya. Sannan an yi ƙorafin ba a tattara bayanan illa yadda ya kamata ba, kuma a wani gwaji na baya a Kanada an samu mai kula da wata majinyaciya ya keta haddinta. Wannan na ƙarshe ya fi tayar mini da hankali, domin ƙwayar kan sa mutum ya saki jiki ya yarda da duk wanda ke gabansa. Ni a ganina ba a rufe babin ba, wataƙila nan gaba ta samu gurbinta a asibiti. Kamfanin Merck na Jamus ya haɗa ta tun 1912, ƙarin 'yan shekaru na bincike ba zai kashe kowa ba.

Tambaya: Wai ana kiranta ƙwayar soyayya. Za ta gyara tsakanina da uwargida? Daga wani magidanci a Maraɗi.

Amsa: Malam, za ta sa ka cije haƙora, ka yi sharkaf da gumi, a zafin Maraɗi kuma jikinka ya ɗau wutar da za ta iya taɓa ƙoda. In ka ce ruwa za ka yi ta ɗirka, shi ma tarko ne: a 1995 wata 'yar shekara 18 ta mutu a Ingila bayan ta sha ƙwayar ta bi ta da ruwa kusan lita bakwai, ƙwaƙwalwarta ta kumbura. Ƙara wa uwargida kuɗin cefane, ka zauna ka saurari abin da take ta faɗa maka tun bara.