Ya sake ni, ya ce zai karɓe yaransa

Wata 'yar'uwa daga Azare ta tambaya: mijinta ya sake ta, yanzu ya aiko wai ranar Juma'a zai zo ya ɗauki yaran, namiji ɗan shekara 4 da mace 'yar shekara 7. Shin yana da wannan iko?

Baiwar Allah, Allah ya ba ki haƙuri. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Bauchi ke bi, riƙon yara na uwa ne. Namiji yana hannunki har ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare. Zancen nan na "ɗa na ubansa ne da zarar an yaye shi" al'ada ce kawai.

Amma idan kika sake aure da wanda ba muharramin yaran ba, riƙon yakan koma ga mahaifiyarki, kafin ma a zo ga dangin uba. Ci, sha, tufa, kuɗin makaranta da na asibiti kuwa duk suna wuyan uban yaran, gwargwadon samunsa.

Shawarata, kada ki tsaya cacar baki a ƙofar gida. Ki fara da manya, waliyyinki da nasa, su zauna. In ya ƙi, ki shigar da ƙara a kotun shari'a ta yankinku. Ki tafi da takardar sakin, da rasiɗan makaranta, har katin asibiti, ki adana su cikin leda. Ki kuma bar shi ya riƙa ganin 'ya'yansa, alƙali yana lura da wannan.