Me ke biyo bayan tsare shugaban ƙabila a ƙasar da aka mamaye?

Malam, ka yi tambaya daga garin Mai Wurno na Sudan ko tsare shugaban ƙabila guda yana iya jawo wa sojojin mamaya rikicin diflomasiyya. Yana iyawa ƙwarai, kuma Iraƙi ta shaida hakan.

A ranar 30 ga Yuni 1920 jami'an Ingila, wadda ke mamaye da Iraƙi a lokacin, suka tsare wani shugaban ƙabila, Shehu Sha'alan Abul Jun, a garin Rumaisa. Mutanensa suka zo da bindigogi suka fasa wurin suka fitar da shi, daga nan wutar tawaye ta kama yankin kogin Furatu, aka yi watanni ana gwabzawa. Mu da ke zaune a Sudan mun san matsayin nazir da umda, wato shugabannin ƙabilu na gargajiya: wanda ya taɓa su ya taɓa mutuncin dangi gaba ɗaya, kuma ya toshe ƙofar da ake bi a yi sulhu.

A ganina, asarar siyasa ta fi ta fagen daga nauyi. Ingila ta murƙushe tawayen, amma kuɗin da ta kashe ya tayar da ƙura a Landan, har aka sauya babban jami'in Ingila a Iraƙi, Arnold Wilson, da Percy Cox, aka kira taron manyan jami'an Ingila a Alƙahira a Maris 1921, sannan aka naɗa Faisal, ɗan Sharif Husaini na Makka, sarkin Iraƙi a watan Agusta.

A yau kuwa, sashe na 78 na Yarjejeniyar Janeba ta Huɗu ta 1949, wadda ke kare fararen hula a lokacin yaƙi, bai yarda mai mamaya ya tsare farar hula ba tare da shari'a ba sai bisa larurar tsaro mai ƙarfi, tare da ba shi damar ɗaukaka ƙara.